'Yar Sarki Bayan An Watse Daga Biki

"Ku faɗa mini tsakani da Allah," in ji Malama, "a cikinmu nan akwai wadda ta manta sadakin Zahra ta Bichi?"

Babu. Naira dubu 500, muka faɗa baki ɗaya, har da Gwaggo mai cewa ita ba ruwanta da zancen waya. Mu biyar ne a tsakar gidanta a Gumel bayan sallar isha'i: ita, da Yaya da ta taso daga asibiti ko farin kayanta ba ta cire ba, da Malama ƙawata tun ta firamare, da Auta, sai ni. Irin zaman nan ne da ake tura ƙyaure, a faɗi abin da ba ya faɗuwa a gidan suna.

Auta ta karɓe zancen, don nan ne fagenta. Ranar Juma'a ce, 20 ga Agustan 2021. Ango Yusuf, ɗan Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari. Amarya 'yar Alhaji Nasiru Ado Bayero, Sarkin Bichi a lokacin. Sheikh Isa Ali Pantami, yana minista, shi ya ɗaura auren. Jiragen manya suka cika filin jirgin Malam Aminu Kano, washegari kuma aka miƙa wa uban amarya sandar girma. Daga nan ta shiga zayyana mana kayan da amarya ta sa, kala-kala, sai ka ce da ita aka je wurin tela.

"To me ta karanta?" Malama ta tambaya.

Sai da Auta ta duba waya. Zanen gine-gine, a Ingila.

"Kun ji ko? Sadaki a bakinmu yake, karatu kuwa sai an bincika. Ni ba yarinyar nake zargi ba, ita aurenta ta yi, Allah ya ba su zaman lafiya. Mu nake nufi. Daga kamu zuwa buɗar kai muna tare da 'yar sarki. Da zarar an watse, shi ke nan, ba mai sake tambayar me take yi da ranakunta."

Yaya ta ajiye kofin kununta. Ita dama ba ta barin magana ta wuce ba ta auna ta ba.

"Ni fa ban ga bashin da 'yar sarki ta ci ba. Ba ita ta zaɓi gidan da za a haife ta ba. Ba zaɓenta aka yi ba, ba ta ɗaukar albashin kowa. In ta ga dama ta yi zamanta a ɗakin mijinta ta reni 'ya'yanta, wa zai ce ta yi laifi?"

"Ke 'yar nan, ta ci bashi," in ji Gwaggo. "Ranar da ta shiga gidan biki, tsohuwa sa'ar kakarta ta miƙe ta bar mata tabarma tana cewa ranki ya daɗe, a ranar ta ci shi."

Sai ta gyara zama, muka san labari ya zo. Lokacin da take amarya can arewa, ta wajen iyaka, matar hakimin ƙasar 'yar gidan sarauta ce. Gwaggo ba ta kama suna ba, mu ma ba mu nema ba, jikokin matar suna nan a gari. Ta ce kafin hantsi ɗakinta ya cika: mai yaji da goyo a baya, wadda miji ya tafi cirani ya yi shiru, tsohuwa da jikanta ya kwana da zazzaɓi. Ita kuwa tana zaune a kan buzu, farantin goro a gefenta, ba ta ɗaga murya. Ta saurari mai yaji har ta gama kukanta, ta ce a ba ta fura, sannan ta aiki jakadiya a kira mijin. Mijin da ya gagari surukansa, ya gagari liman, sai ga shi ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Kalma uku huɗu za ta faɗa masa. Da yamma ka ga an aiko biko.

Marayun da take riƙo kuwa, Gwaggo ta ce ba ta taɓa ƙirga su ba. Duk wadda ta isa aure ita ke mata gado da jere, ta kai ta ɗaki kamar 'yar cikinta. Shekarar farin 1973, da mutane suka yi ta kwararowa daga ƙasar Damagaram da 'yan dabbobin da suka rage musu, tukunyar gidan ba ta sauka daga murhu ba.

"Hatsin da take rabawa," in ji Yaya, "ai daga gonakin talakawa ya fito, Gwaggo."

"Shi ya sa na ce miki bashi ne."

Nan Yaya ta yi dariya ta sallama. Ni ma abin ya zauna mini, don ba na son mu riƙa ba da labarin da kamar aljanna ce. An karɓi haraji, an yi noman gandu, an ɗauki 'ya'yan mutane aiki ba a tambaye su ba. Abin da ya hana zaman ya wargaje shi ne wani abu yana komowa ƙasa, kuma sau da yawa ta hannun matan gidan yake komowa, ba ta fada ba. Mu nan Gumel ma da dalilin da za mu fi kowa sanin haka. Gidan sarautarmu na Mangawa ne, Borno muka bi, jihadi bai ci mu ba, daga Tumbi aka dawo da fada nan a 1845. A Borno kuwa mace a gidan sarauta ba ado ba ce: Magira, uwar Mai, da Magaram, 'yar'uwarsa, sarautu ne masu ƙasa da jama'a da faɗa a ji.

Daga nan hira ta karkata kan auren kansa, don Auta ta ce ita dai da 'yar sarki ce da ta huta. Gwaggo ta harare ta.

"Hutu? A da 'yar sarki ita ce wadda aka fi ƙarancin tambaya wa take so. Ana ba da ita ga hakimi don a ɗaure shi, ga malami don a nemi albarka, ga sarkin wata ƙasa don a ƙulla zumunci. In zaman ya yi zafi, 'yar talaka ta ɗauki gyalenta ta yi gidansu. Ita fa? Yajinta maganar masarautu biyu ce."

Malama ta kawo misalin da ke kusa: kakar ita Zahra ɗin, Hajiya Maryam, Mai Babban Ɗaki. 'Yar gidan sarautar Ilori ce aka kawo ta Kano gidan Ado Bayero, garin da ba harshenta ba, ba abincinta ba. Ta zauna har ta ga 'ya'yanta biyu, Aminu da Nasiru, a kan gadon sarauta lokaci guda, ɗaya a Kano ɗaya a Bichi. Ta rasu a Masar a watan Afrilun 2021, 'yan watanni kafin bikin jikar tata. Allah ya jiƙanta.

A nan na ce su bar ni in ba su labarin wadda ni nake ganin ita ce 'yar sarkin zamani ta farko a ƙasar nan, kuma daga wannan gidan dai ta fito. Hajiya Maɗaki. An haife ta wajajen 1907, jikar Sarkin Kano Abbas, 'yar Sarki Abdullahi Bayero, wato yayar Ado Bayero ke nan. Tana ƙarama aka kai ta Katsina gidan Sarki Muhammadu Dikko, mutumin da ya girme ta da kusan shekara 40. In kun duba, irin auren da Gwaggo ta gama bayyanawa ne, ba ragi. Amma Dikko mutum ne mai son ganin duniya. A 1921 ya tafi aikin hajji yana kan gado, abin da sarakunan Arewa ba su saba ba, ya bi ta Ingila a jirgin ruwa, kuma ya tafi da ita. Yarinya 'yar shekara 14 ko makamancin haka, wadda sa'o'inta ko ƙofar gari ba su taɓa gani ba, ta ga teku, ta ga Makka, ta ga ƙasar Turawa.

"To sai ta dawo da tsaraba," in ji Auta.

Ta dawo da ido a buɗe. Da aka zo fara karatun boko na 'ya'ya mata a Katsina da Kano a 1930, ba a fili aka gina makaranta ba, a cikin gidan sarki aka fara, don ba uban da zai yarda 'yarsa ta je wani wuri. Ko a hakan mutane suna ɗari-ɗari. Malaman Turawa ne mata, ba su san ta inda ake shiga gidan Bahaushe ba. Maɗaki ta tsaya a bayan abin. Ita ce wadda iyaye za su kalla su ce, in dai matar sarki, 'yar sarki, tana wurin, to ba za a lalata mana yara ba. Bayan rasuwar Dikko a 1944 ta koma Kano, ta tsufa ana neman shawararta. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Beverly Mack, ta zauna da ita ta rubuta tarihinta, ya fito a 1988. Abin da ke ba ni haushi shi ne da Turanci yake, kuma 'yan matanmu da ke cin gajiyar ƙofar da ta taimaka aka buɗe, da wuya ka sami wadda ta taɓa jin sunanta.

"Ba ta raba shinkafa ba?" Yaya ta tambaya da zolaya.

Wataƙila ta raba, wa ke zaman gidan sarki bai yi kyauta ba? Amma ba da shi ake tuna ta ba. Abin da ta bayar shi ne abin da attajiri ba shi da shi komai kuɗinsa: kunyar da mutane ke ji wa gidansu. Ta ɗauki wannan kunyar ta jingina ta ga makaranta.

Malama ta ce ai tun kafin ta Nana Asma'u ta nuna hanya, 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, da ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji ta ba su malfa suka riƙa zagaya ƙauyuka suna koyar da mata, har 'Yan Taru suka wanzu bayan rasuwarta a 1864. Muka ce haka ne, amma Nana kowa ya san ta, makarantu nawa ne da sunanta. Mu na bayanta muke nema.

"To ga ta zamaninku," in ji Malama. "Shahida, 'yar Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu. Duk tsatson Abdullahi Bayero ne. A watan Afrilun 2017, da 'yan matan Chibok suka cika shekara 3 a hannun waɗanda suka sace su, aka shirya lacca a Abuja. Mahaifinta bai je ba, ita ya tura ta wakilce shi, ta tsaya gaban manya ta karanta jawabinsa. Kun tuna abin da ya biyo baya?"

Mun tuna. An bar maganar yaran da ke daji, aka koma kan shigarta da yadda ta yafa mayafi, da ko ya dace mace ta wakilci sarki. Gwaggo ta ce ita ma a lokacin abin ya ɗan yi mata banbaraƙwai, ba za ta ɓoye ba. Malama ta ce to ai nan gizo ke saƙa: in ta yi shiru mu ce ba ta da amfani, in ta fito mu ce ta zubar da girman gida. Duk 'yar sarkin da ta ga abin da aka yi wa Shahida, sai ta yi tunani sau biyu kafin ta buɗe baki a bainar jama'a.

Yaya ce ta kawo zancen Gimbiya Diana, kuma ban zaci daga bakinta za ta fito ba.

"Ku bar zancen aurenta da Yarima Charles, kowa ya san yadda ya ƙare. A watan Maris na 1990 ta zo Nijeriya, ta je har Maiduguri, aka kai ta asibitin kutare na Molai. Ta miƙa hannu ta gaisa da su, ba safar hannu. Mu da ke aikin nan mun san kuturta ba ta kama mutum don ya gaisa, kuma tana warkewa da magani. Amma likita ya faɗa sau dubu ba a ji ba. Ita hannu kawai ta miƙa."

Ta ɗan yi shiru, sannan ta sauke murya, ko da yake ba kowa sai mu.

"Mu namu ciwon da ake gudu yanzu yoyon fitsari ne. Yarinya ta fara naƙuda a wani ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar. A ce a jira, haihuwar fari ce. A jira mai gida ya dawo ya ba da izini. A nemi mota, babu. Kwana biyu kan jariri yana danne da mafitsara, naman wurin ya mutu. Sau da yawa jaririn bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi fitsari yana bin ƙafarta dare da rana. Sai a ware mata kwano, a ware mata tabarma, wani mijin ya miƙo takarda. Aiki ake yi a gyara, kyauta ma, a Jahun, inda likitocin agaji na MSF suke tun 2008. Amma kafin a kai ta sai an yarda a faɗi abin da ke damunta, kuma nan ne ake maƙalewa. Ni da zan sami 'yar gidan sarauta ɗaya ta zo ta zauna a bakin gadon irin wannan yarinya, ta ci abinci kwano ɗaya da ita, matan ƙauyensu suna gani, wallahi na yafe mata buhun shinkafa ɗari."

"Kai, Yaya, kada ku raina shinkafa," in ji Auta, kuma ta yi gaskiya. Ta tuna mana lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, daga Agusta har zuwa Maris na 2024. Kasuwar Maigatari da ke cika ranar Alhamis da shanu da raƙuma daga ƙetare ta yi sanyi, masu tuwo-tuwo da masu ƙosai da 'yan dako duk suka ji a jikinsu. Wadda ta kwana ba ta ɗora tukunya ba, ba lacca take nema ba.

Ba wadda ta musa. Abin da ni ke ci mini rai ba rabon ba ne, yadda ake yin sa ne yanzu. Na taɓa tsayawa a wani rabon azumi, ba zan faɗi na wa ba. Tun sassafe mata suka yi layi cikin rana, an ce kada a fara sai mai ɗaukar hoto ya iso. Da ya iso aka jawo wata tsohuwa gaba, aka ɗora mata leda a hannu, mudu biyu da turmin atamfa, aka ce ta ɗago kai ta yi murmushi. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka ce Baba ki buɗe mana. Ta buɗe. Da dare hotonta yana Facebook, 'ya'yanta da surukanta suna gani. Matar hakimin da Gwaggo ta ba mu labari, bayan magariba take aikawa da ƙwarya a rufe da faifai, maƙwabta ma ba su san gidan da ta shiga ba.

"Irin wannan rabon yayyafi ne a kan rairayin Maigatari," in ji Gwaggo. "Kafin ki juya ya shanye."

Auta, don ta huce, ta jefo mana labarin Gimbiya Mako ta Japan, wadda ta auri talaka abokin karatunta a watan Oktoban 2021, dokar gidansu ta sa ta fita daga sarauta, ta kuma ƙi karɓar kuɗin sallama da ake ba irinta. Gwaggo ta riƙe baki. Ta ce mu nan ko ɗan dako 'yar sarki ta aura tana nan 'yar sarki har kabari, ɗanta ne dai ba ya gadon karaga, ɗan mace ne. Malama ta ce karagar ma ai ba ta da tabbas: ita masarautar Bichi da aka yi wancan biki a cikinta, majalisar dokokin Kano ta rushe dokar da ta kafa ta a watan Mayun 2024. Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce a bar maganar Kano haka, tana da surukai a kowane ɓangare.

Mu dai Allah ya ba mu zaman lafiya a nan. Mai Martaba Alhaji Ahmad Muhammad Sani na Biyu ya haura shekara 40 a kan gado, kuma gidan ya yaɗu: 'ya'ya da jikoki da 'ya'yan hakimai, mata da yawa a cikinsu sun yi karatu mai zurfi, wasu suna aure a Dutse da Kano da Abuja. Da yawansu suna alheri a ɓoye, mun sani, muna gani. Abin da Malama ke nema daban ne, kuma sai a ƙarshe ta fito da shi.

"Ku zo makarantarmu ranar Alhamis ku gani. Ajin da ke cika ranar Litinin, rabinsa babu. 'Yan matan suna kasuwa da farantin talla a ka, wasu suna rumfunan da ake tsince zoɓo da riɗi. Ba kuɗin makaranta ba ne, gwamnatin Jigawa ta daɗe da ɗauke wa 'ya mace wannan. Kuɗin kayan ɗaki uwa ke tarawa, kuma ba za ki ce mata ta yi laifi ba. Akwai wata yarinya da nake da ita a aji uku na ƙaramar sakandare, kanta yana ja sosai, lissafi kamar ruwa. Uban ya ce ta isa haka. Na je gidan, ya ce Malama a gaishe ki. Shugabar makaranta ta je, ya ce za a duba. Sai wata cikinmu ta kai maganar gidan hakimi, ba wurin hakimin ba, cikin gida. Uwargida ta aika a kira uwar yarinyar, ta tambaye ta nawa tallar ke kawowa a mako. Ta faɗa. Ta ce to na ɗauke miki wannan, kayan ɗaki kuma in lokaci ya yi a zo a same ni, ki gaya wa mai gidanki na ce a bar mini 'yata ta gama. Ranar Litinin sai ga yarinya a aji. Yanzu tana Kwalejin Ilimi nan Gumel."

"Yarinya ɗaya ke nan," in ji Yaya.

"Ɗaya. Shi ya sa nake so a yi shi a fili, ba don hoto ba. 'Yar gidan sarauta ta ɗauki makaranta guda a Maigatari ko Gagarawa ta ce tawa ce. Ba sai ta gina aji ba. Ta zo ranar Alhamis, ba ranar rabon kyaututtuka ba, ta karɓi rajista ta kira suna. Duk wadda ba ta amsa ba, a aika gidansu a ce ranki ya daɗe tana tambaya. Ta yi haka zango uku a jere, ku ga in ajin bai cika ba."

Gwaggo ta daɗe tana juya carbinta. Sannan ta ce ranar Asabar akwai suna a cikin gari, kuma wadda ya kamata ta ji wannan magana za ta zo, tare suka yi makarantar allo da uwarta.

"Amma ba a gaban mutane zan faɗa mata ba, sai na ja ta ɗaki. Ke Malama, ki rubuto mini sunan makarantar da yawan yaran da ba sa zuwa ranar kasuwa, da manyan baƙi yadda zan iya gani. In ta ce wa ya aiko ni, zan ce ke ce, ki shirya."